Kwamfutar Yaya da Tsabtar Baba

A gidanmu Asabar ranar duba kaya ce. Baba ya bar soja tun ina firamare, ya dawo Zuru ya kama noma a gonarsa ta hanyar Dabai, amma sojan bai bar shi ba. Da gari ya waye zai fito da tsumma a kafaɗa da ɗan gwangwanin man goge ƙarfe a hannu, ya bi gida ɗaki-ɗaki. Kan bel ɗinsa da ya daina ɗaurawa, lambobin yabonsa, mariƙin ƙofa, keken ɗinkin Mama, har cokulan da ake ajiye wa baƙi, babu mai tsira. Duk abin da ke da noti sai ya kwance shi, ya goge, ya sa mai, ya mayar. Mama kan ce da mu ma muna da noti da tuni ya kwance mu. A ɓoye muke dariyar, don ba a yi wa Saja dariya yana gani.

Ni ce auta, kuma ni ce mai baki a gidan. Yayana da nake bi shi ne ɗan ƙwallo. Lamba tara yake bugawa, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu a lokacin ya san ƙafarsa ta hagu. Shi ƙwallon yake so ya bi, Baba ya ce ƙwallo ba sana'a ba ce, namiji a gidan nan kaki yake sawa. Da kansa ya raka shi wurin ɗaukar sababbin sojoji. Babu wanda ya ga laifin Baba, don a Zuru da wuya ka wuce gida uku ba ka samu hoton wani da kaki a bango ba.

An tura Yaya aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, aka dawo mana da shi an yanke ƙafar hagun daga ƙasan gwiwa. Ita dai wannan ƙafar. Ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa, wata biyar cur. In ba wanka ko ranar zuwa asibiti ba, ba ka ganinsa. Ni yakan amsa mini da kalma ɗaya ko biyu, Mama yakan ce mata ya ƙoshi, Baba kuwa ko gaisuwa ta daina haɗa su. Nakan ga Baba ya je bakin ƙofar ya tsaya, ya yi gyaran murya, sannan ya juya ya ɗauki fartanyarsa.

Ana cikin haka abokan aikin Yaya na bariki suka aiko masa da kwamfuta ta hannun wani direba. Tsohuwa ce irin ta ɗora wa tebur, amma lafiyarta ƙalau, da faifan wasan ƙwallo da abin riƙewa guda biyu masu maɓallai, waɗanda samari ke kira fad. A gidan ni kaɗai na san gabanta da bayanta. Na yi kwas na wata shida a Kontagora, ina kuma aiki a wani shago kusa da tasha, ina buga wa mutane wasiƙu da katin biki. Baba bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. In an tambaye shi ina autarsa, sai ya ce, "Tana can tana buga-bugenta."

Yaya ya ce in haɗa masa ita a ɗaki. Na shiga na taɓa soket ɗin bangonsa, na girgiza kai, na ce ai wannan ya mutu, sai dai baranda. Ƙarya na shara, Allah ya yafe mini, soket ɗin lafiyarsa lau. Na kafa ta a baranda kan teburin cin abinci, na kunna wasan, na ƙure murya, na yi tafiyata. Kwana biyu ihun 'yan kallo na cikin kwamfuta yana shiga masa ta taga. Rana ta uku na dawo daga aiki na tarar da shi a kujera, sandunansa a jingine da bango, fad a hannu. Na wuce madafa na yi kukana a gaban Mama.

Kafin mako ya zagayo golansu na da ya fara zuwa, wani dogo mai surutu kamar rediyo. Shi ya jawo sauran. Barandarmu ta koma fili. Ana musu, ana buga tebur, ana rantsuwa cewa alƙalin wasan cikin kwamfuta ya ci hanci. Yaya ya fara aske gemu, ya fara neman ƙarin tuwo. Na ji dariyarsa, wadda na ɗauka an binne ta tare da ƙafar. Mama don murna ta ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar atamfa, har da leshi a baki. Baba kuma sai ya ɗauki rediyonsa ya zauna gindin mangwaro, wai labarai yake ji, alhali rediyon ko batir babu. Har lokacin ba sa magana da Yaya, amma aƙalla suna shan iska ɗaya.

Sai bazara ta shigo, irin zafin da duwatsun Zuru ke ajiyewa da rana su dawo maka da shi da yamma. Ran nan ana tsakiyar wasa, ɗif, kwamfuta ta mutu. Aka ɗauka wuta aka ɗauke, aka ɗaga kai, ga fankar sama tana juyawa abinta. Aka sake kunnawa, ta tashi, aka yi 'yan mintuna, ɗif. Washegari haka, jibi haka. Babu wasan da ke kai hutun rabin lokaci. Samari suka fara janye jiki, don babu mai son ya ci ƙwallo biyu a share masa su. Ranar ta huɗu Yaya ya samu bugun fanareti a kan gola, ya gyara zama, ya ciji leɓe, ya ɗaga yatsa zai danna, allon ya yi baƙi.

Ya ajiye fad ɗin a hankali. Da ma jifa ya yi da shi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo sandunansa ya miƙe, ya ce mini, "Auta, kwashe ta. Ni komai na fara a rabi yake tsayawa." Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar sakata.

Na san abin da wannan sakatar ke nufi, na kuma san in ta sake wata biyar ba lalle mu sake ganinsa a waje ba. Na tsaya a bakin ƙofar na ce, "Yaya, ba inda zan kwashe ta. Zan gyara ta, kuma a nan barandar za ka buga fanaretinka." Ni kaina da na faɗa ban san ta ina zan fara ba, don a kwas ɗinmu sau biyu kawai malam ya buɗe mana cikin kwamfuta, shi ma daga nesa muke leƙe.

Masu shawara kuwa sai suka yi mini caa. Gola ya ce bairos ne, wai ya ji ana cewa yana cin kwamfuta daga ciki. Mama ta gayyato matan zumuntar cocinmu uku suka kewaye teburin suka yi addu'a, ban hana ba, na ce amin da ƙarfi. Wani maƙwabcinmu, tsohon kofur, ya leƙo ta katanga ya ce wa Baba, "Oga Saja, a kai ta Kaduna mana wurin maza masu aikin. Yarinya za ta ƙarasa ta." Kai! Ji na yi kamar an watsa mini barkono. Na ce, "Baba Kofur, rediyonka da ka kai wa maza bara, ya dawo?" Mama ta zabga mini harara, amma na riga na faɗa.

Na roƙi mai shagonmu hutun kwana uku. Da wuta na fara, don wutarmu ba abin yarda ba ce, wani lokaci ta zo kamar kyandir. Na aro sitabilaizar shago mai daidaita ƙarfin wuta na haɗa, ta mutu. Na tayar da ɗan janaretonmu na sa ta a kai ita kaɗai, ta mutu. Na goge wasan na sake sa shi daga faifai, na bi ta da maganin bairos don bakin gola ya mutu, duk a banza. Na cire rigar atamfar, na ce wa Mama ita ce ke toshe mata iska. Mama ta karɓi rigarta ta ninke, kuma abin kunya, ko da babu rigar sai da ta mutu. Har yau ina jin nauyin wannan, don na ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba.

Rana ta biyu na daina taɓe-taɓe, na ce bari in zauna in kalle ta kamar yadda ake jinyar mara lafiya. Na ɗauko agogon bango na jingine a tebur, na sa gola ya zo tun da safe. Na buɗe wurin rubutu na yi ta bugawa awa guda, ko gezau ba ta yi ba. Na sa waƙoƙin coci, ta rera su tas. Amma da gola ya kunna ƙwallo, sai ka ji fankar cikinta ta ɗauki kuka, kafin minti ashirin ta mutu. Da rana ta take muka sake, ko minti takwas ba ta kai ba. Muka bar ta ta huta, ta ɗan ƙara daɗewa. Muka kunna nan take bayan ta mutu, ko 'yan wasa ba su gama fitowa fili ba ta sake ɗaukewa.

Nan maganar malaminmu ta faɗo mini. Ya taɓa ɗaga wani ɗan abu mai faɗin akwatin ashana ya ce wannan shi ne furosesa, shi ke yin duk tunanin kwamfuta, kuma in aiki ya yi masa yawa zafi yake yi sosai. In zafin ya wuce kima, kwamfuta kashe kanta take yi don kada ya ƙone. Rubutu ba ya wahalar da shi, amma mutum ashirin da biyu suna gudu a fili, wannan noma ne da tsakar rana. Na sake kunna ta, na shiga shuɗin allon farko inda take nuna zafin jikinta. Ba ta aikin komai, amma lambar sai hawa take yi ina kallo. Na daki tebur na ce, "Zazzaɓi ne!" Gola ya ce, "To a ba ta kinin mana." Na ce ya tafi gida ya ci abinci, ya ishe ni.

Na zare waya daga bango na ɗauko sukundireba. A raina na gama yanke hukunci cewa zan tarar da fanka ta cushe da datti da yanar gizo, in share, shi ke nan. Tun daga notin farko na ji wani abu. Kwamfutar da ta sha hanya daga bariki, notinta ya kamata ya yi gardama, amma waɗannan sai suka biyo hannuna sumul, har da ɗan maiƙo. Na zare murfin gefe. Tabɗi! Cikinta fes, ko ɗigon ƙura babu. Wayoyin nan an tattara su an ɗaure da zaren ɗinki, layi-layi kamar masu fareti. Fanka na juyawa da yatsa ba ƙara. A ƙarƙashinta akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, wanda aikinsa shi ne ya zuƙe zafin furosesa, fanka ta hure. Na taɓa shi sai na ji yana ɗan motsi, ashe ɗaya daga cikin maƙallansa bai shiga ba.

Na ɓalle sauran na ɗaga shi. Tsakanin wannan ƙarfe da furosesa akwai wani mai toka-toka da ake shafawa, mai kauri kamar man goge baki. Shi ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, ya miƙa zafi daga wannan zuwa wancan. In babu shi, ƙarfen yana zaune ne kawai don ado. To babu shi, ko alamarsa. Bayan furosesan na ƙyalli, gindin ƙarfen kuwa har fuskata na gani a ciki. Na kai shi hanci. Warin da na tashi da shi kowace Asabar ta rayuwata ne, warin gwangwanin Baba.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na tuna Asabar ɗin da ta wuce Mama ta raka Yaya asibiti, ni ina shago, gida ya rage Baba shi kaɗai da tsummansa. Kuma a ranar Lahadi bayan coci ta fara mutuwa. Kwana biyu ina haɗa gumi, na sa Mama ta ninke rigarta, na yi wa tsohon kofur rashin kunya, mutumin nan yana zaune gindin mangwaro yana kallona! Na fito da ƙarfen a hannu, na tsallake tsakar gida, bakina cike da magana.

Yana gyara ƙotar fartanya. Ya ɗago ya ga abin da ke hannuna, sai ya ajiye fartanyar.

Na ce, "Baba, wa ya buɗe kwamfutar nan?"

Ya ce, "Ni ne. Mi ya faru?"

"Man da ke nan fa?"

"Wane mai? Datti dai na gani, ya bushe kamar laka. Da ƙyar ya fita, sai da na sa reza."

"Reza! Baba, ba datti ba ne. Shi ke hana ta zafi. Shi ya sa take mutuwa."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Wallahi bai sani ba, ko kusa bai kawo cewa aikinsa ne ba, shi a wurinsa abin da aka goge aka sa wa mai ba ya lalacewa. Can ya ce, a hankali, ba da muryar Saja ba, "Ɗiyata, abin da ya fito mini da yarona waje, in bar shi da datti? Ni ban iya wasan ba. Ban san abin da zan ce masa ba. Wannan kaɗai na iya."

Duk maganar da na ɗebo ta zube. Na durƙusa a gabansa. Tsoro kuma ya kama ni, don na san Yaya. Mutumin da yake ganin Baba ne ya raba shi da ƙwallo ta fili, yanzu a ce masa Baba ne ya kashe masa ta kwamfuta? Na rage murya na ce, "Baba, mu bar shi tsakaninmu. Man nan yakan bushe da kansa, zan ce haka aka yi. Ba wanda zai sani."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Wanda ya yi kuskure a bakin aiki shi ke kai rahoto."

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya nufi ƙofar Yaya, ni ina biye. Wannan karon bai yi gyaran murya ba. Ya tsaya ƙyam, hannuwa a gefe, ya yi magana da yarenmu, wanda ba ya yi da mu sai da Mama, don mu da Hausar bariki muka tashi. Ya ce shi ne ya buɗe na'urar, shi ya kankare abin da bai sani ba, laifin ba na na'ura ba ne, ba na auta ba ne, ba kuma na wanda ke cikin ɗaki ba ne. Ya ce ba wannan ne karo na farko da ya sa hannu a abin yaronsa yana ganin gyara yake yi ba. Mama na bakin madafa da ludayi a hannu, ta kasa motsi. Ƙofar dai ba ta buɗe ba.

Baba ya juyo ya ce mini, "Mi ake buƙata?"

Na zaga kasuwa da yammar nan. Mai gyaran talabijin ya ce yana da irinsa, ya ɗauko, ya bushe ƙamas a cikin kwalba. Sai Kontagora, wurin da na yi kwas. Na ce gobe zan bi mota. Baba ya ce a'a, wanda ya ɓata shi zai je, in rubuta masa a takarda. Gari na wayewa ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya kama hanyar Rijau, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, Mama na faɗa yana yi kamar bai ji ba.

Wajen ƙarfe ɗaya ya dawo, fuskarsa ta yi jawur da jar ƙasar hanya. Ko ruwa bai sha ba ya zaro hankici daga aljihun gaba, ya warware. Wani ɗan abu ne kamar sirinjin allura, bai kai yatsana tsawo ba. Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin ka je har Kontagora ɗaukowa?" Baba ya ce, "Shi aka rubuta."

Dole sai na fara wanke ragowar man goge ƙarfen, kuma sifirit da auduga suna ɗakin Yaya, cikin kayan wankin ƙafarsa. Na ƙwanƙwasa na faɗa masa abin da nake so. Har na juya sai na ji sakata, hannu ya fito da kwalbar, ƙofa ta koma. Amma ban ji an mayar da sakatar ba, kuma na lura.

Na shimfiɗa kwamfutar a tebur, Baba na tsaye a kaina da hannuwa a baya. Na goge furosesa da gindin ƙarfen, na bari suka bushe. Na matsa man a tsakiya, daidai ƙwayar dawa ɗaya.

Baba ya ce, "Ƙara mana, ai akwai saura da yawa."

Na ce, "Ya isa."

"Wannan ɗan ɗigon? Shafe shi ko'ina ya ji."

Na ɗago na ce, "Baba, aikin wa ne?"

Mama ta ja numfashi, don ba a taɓa yi wa Saja irin wannan tambayar a gidansa ba. Ya dube ni, ya dubi ɗigon, ya ja da baya taku ɗaya. Ya ce, "Naki ne, oga."

Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Na ɗora ƙarfen a hankali ba tare da na murza ba, na danna maƙallan ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya ce ƙas, na girgiza, ko motsi. Na mayar da wayar fanka. Zaren ɗinkin da ya ɗaure wayoyi kuwa na bar shi, don gaskiya ya buɗe wa iska hanya, kuma na faɗa masa haka. Na kunna na shiga shuɗin allon. Lambar ta hau kaɗan, ta tsaya. Na ƙura mata ido minti biyar, tana nan inda take.

Ƙarfe biyu da rabi ne, lokacin da ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, lokacin da da ba ta kai minti takwas. Na aika aka kira gola. Na juya lasifika ta fuskanci tagar Yaya, na ƙure ta, muka fara, shi da ni. Ban iya komai ba, 'yan wasana sai gudu suke yi suna fita fili, amma idona na kan agogo. Minti takwas ya wuce. Aka busa hutun rabin lokaci, gola ya yi ihu kamar an ba shi kofi. Aka gama wasa. Muka sa na biyu, ya ƙare. Na kai hannu bayan kwamfutar, iska mai ɗumi na fita, alamar zafin ya samu hanya. Muna cikin na uku na ji sandunan Yaya ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti.

Ban waiwaya ba sai da ya iso. Ya tsaya yana kallon allon, gemu ya fara tsirowa, idanunsa sun faɗa. Na tashi na ba shi kujera da fad ɗina. Gola ya gyara zama yana murna abokin karawa ya dawo. Yaya ya miƙa hannu ya karɓe na golan ma. Ya juya wajen Baba, wanda ya koma can bakin baranda ya tsaya kamar mai gadi, ya miƙa masa.

Ya ce, "Baba, zauna. Tunda kai ka ɓata, kai za ka sha kashi."

Kalmarsa ta farko ke nan gare shi tun dawowarsa. Baba ya zo ya zauna a bakin kujera, ya riƙe fad ɗin da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Manyan yatsun nan da suka saba da fartanya suna danna maɓalli uku a lokaci ɗaya. Golansa ya baro raga ya tafi yawo tsakiyar fili. Yaya ya zura ɗaya, ya zura biyu, ya zura biyar, yana dariya har da hawaye. Can ya ajiye nasa, ya kamo babban yatsan Baba ya ɗora a kan maɓalli, ya ce, "Ba nan ba, Baba. Nan ne bugu. A hankali, ba bindiga ba ce." Tara da nema aka tashi, kuma kwamfuta ko tari ba ta yi ba.

Ihun ya jawo tsohon kofur ya leƙo ta katanga, ya ce, "Oga Saja, an kai ta Kadunan ke nan?" Baba bai ɗauke ido daga allon ba ya ce, "Wace Kaduna? Ni na ɓata, ɗiyata ta gyara. Injiniya gare ni a gida." Na ɗauki sukundirebana na wuce ta gaban katangar a hankali, don ya gan ni da kyau. Na je na roƙi Mama gafara, na ce ta dawo da rigar atamfa, a riƙa rufawa in an kashe.

Na gyara kwamfutoci da yawa bayan wannan, har na buɗe shagona, amma babu aikin da nake alfahari da shi kamar wannan ɗigon mai. Asabar ɗin da ta biyo baya ina shirin fita aiki na tarar da Baba tsaye a gaban teburin, tsumma a kafaɗa, gwangwanin kuwa ya bar shi a ɗaki. Ya ce, "Oga, waje kawai zan goge. An ba da izini?" Na ce an bayar. Bai kai ga gama murfin sama ba muka ji ƙwas, ƙwas daga ɗaki, ga Yaya ya riga kowa fitowa, ya yi aski.

Ya ce, "Baba, ajiye tsumman nan ka zo ka rama."

Baba ya ajiye tsumman, a ranar Asabar, ya jawo kujera.